Taraktar Gidiyon a Kan Bulo

Ranar Laraba mai unguwa ya aika a kira Martina, kuma tun daga ranar ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba.

Ta same shi a ƙofar gidansa a Kwaciri, yana kan tabarma, rediyo a gefensa sai bayani yake a kan ranar Asabar, ranar da soja za su miƙa mulki ga farar hula su koma bariki. Ya rage muryar rediyon, suka gaisa, ya tambayi lafiyar 'yarta Keziah. Sannan ya gyara zama.

"Maman Keziah, ba zan ɓoye miki ba. Mutanen nan da suka ci zaɓe, kowa da magoya bayansa, kuma kowane mai goyon baya fili yake so. Jiya an ga wasu da igiyar awo a bakin rafi. Sun ce ranar Asabar, da zarar an gama rantsuwa, za su dawo su kafa turaku a duk inda suka ga ba a nomawa."

"Ai lambun Baban Keziah ba kango ba ne, Baba."

"Ni na sani, ke ma kin sani. Amma je ki dube shi da idon baƙo. Wata goma sha huɗu bai ga fartanya ba. In suka zo suka tarar da ƙasa a juye, zan tsaya in ce gona ce, mai ita tana ciki, ba wanda zai ƙaryata ni. In suka tarar da ciyawa har gwiwa, me zan ce musu?"

Lambun da ake magana yana bakin rafi, tsakanin Kwaciri da bayan Sabon Gari. Gidiyon, mijin Martina, malamin gona ne mutumin Zariya, aiki ya kawo shi Kano. Mahaifin mai unguwa ne ya ba shi wurin a gaban shaidu tun Keziah tana goye. Babu takarda, babu hatimi. Shaidarsa ita ce kowa ya saba ganinsa a ciki. Da latas da alayyahun wurin aka yi wa yarinyar karatu har ta kai makarantar koyon jinya. Da Gidiyon ya rasu bara, aka kai shi Zariya aka binne, Martina ta dawo ta sa wa rumfar lambun kwaɗo, ba ta sake bin hanyar ba. Ba lalaci ba ne. Duk inda ta duba a wurin shi take gani, ita kuwa ba ta shirya ganinsa ba.

Daga wurin mai unguwa ba ta koma gida ba. Ta bi bakin rafi tana neman 'yan ƙwadago, ta tarar wayam. Ruwan farko ya sauka ranar Litinin, 'yan ci-rani sun naɗe tabarminsu sun koma ƙauye shuka. Tsoho guda ta samu yana wanke karas, ya ɗaga kai ya hango ciyawar ya ce ko ƙarti shida sai sun yi mako. Ita kuwa kwana biyu gare ta da 'yan kai.

Abu ɗaya ya rage, abin da ke kulle cikin rumfa.

Tarakta ce, amma kada ka kawo irin ta gwamnati a ranka. 'Yar ƙarama ce, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, a da ja ce. Wani Bature ne yake yanke ciyawar gidansa da ita, da zai koma ƙasarsu aka yi gwanjonta, Gidiyon ya saya ya sa maƙeri ya ƙera mata 'yar garma. Ba ta da giya irin ta mota. Sanda ɗaya ce a hannun dama: ka tura gaba ta tafi, ka ja baya ta dawo. Shekara goma sha tara yana lallaɓa ta, kuma bai taɓa barin hannun wani ya kwance mata ko da noti guda ba.

Wannan ne ya daɗe yana ci wa Waliu tuwo a ƙwarya. Waliu bakanike ne a Fagge, Bayarabe haihuwar Kano, wanda in ka ji muryarsa ta bayan katanga sai ka rantse ɗan cikin birni ne. Shi ya riƙa gyara tsohuwar Fijon Gidiyon har ta ƙare, amma duk ranar da ya kawo zancen taraktar, sai Gidiyon ya yi murmushi ya canja magana. Waliu ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, matsalar ke nan. Da Martina ta same shi da safiyar Alhamis, bai bari ta gama bayani ba ya riga ya ɗauki jakar sifanoninsa da batirin wata mota.

Injin bai ba shi wahala ba. Ya goge fulogi, ya zuba sabon fetur, ya haɗa batir, abar ta yi tari sau uku ta tashi da hayaƙi. Ya dubi Martina irin kallon nan na kin gani ko. Ya hau, ya tura sandar gaba. Taraktar ta yi wani nishi, ta ja jiki taku biyu, ta tsaya.

Ya sauko ya zaro ma'aunin mai daga akwatin da ke ƙarƙashin kujera. Abin da ya biyo sandar ba mai ba ne, wani abu ne fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ya ɗaga kai. Daidai saman akwatin kwanon rumfar ya huje, rana na leƙowa.

"Daminar bara duk a nan ta ƙare, Mama. Ruwa ya shiga man giya. Sai an juye shi."

"Zai daɗe?"

"Juyen mai? Kafin ki ƙirga ɗari."

Ya sa daro a ƙasa, ya kwanta a kan buhu, ya kwance notin. Martina ta kasa tsayawa ta kalla. Ta fita ta cire ciyawa hannu biyu ta yar, ta dawo, ta sake fita ta leƙa hanya ko masu igiyar awo sun yi sammako. Da ta dawo na uku ta tarar yana goge hannu yana cewa su je Sabon Gari sayen mai.

Garin ma ranar haka yake, ba mai zama. A mahaɗar Bata motoci sun cushe, 'yan acaɓa suna kutsawa ta kan kwalbati, an lilliƙa wa bas-bas hotunan 'yan takarar da suka ci da waɗanda suka faɗi. Kowace rumfa rediyo, kowane mai rediyo da fassararsa. Wani ya ce za a miƙa, wani ya ce sai ya gani da idonsa. A shagon Obiageli mai sayar da man inji, Waliu bai ma shiga ba, daga bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Madam, man giya, mai kaurin nan. Galan ɗaya."

Martina ta dubi galan ɗin da aka miƙo, wani abu ya taɓa mata rai. Ba ta taɓa ganin irinsa a rumfar lambu ba.

"Malam Waliu, ni fa ina ganin kamar Baban Keziah galan ɗaya yake saye. Wanda yake zuba wa injin, shi yake zubawa a ƙarƙashin kujerar."

Waliu ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa babba in ya yi kuskure. "Mama, baƙin mai na inji ne, man giya na giya ne. Ba a haɗa su. Ga zafin Kano kuma, in ka zuba mai ruwa-ruwa a giya ai ka kashe ta. Shekara ashirin ina kwance giyar Fijo."

Ta biya kuɗin. Me ta sani? Ita dai latas take wankewa a gefe.

Man nan kauri gare shi kamar zuma, sai da ya ci rabin yamma kafin ya gama bi ta mazurari. Waliu ya ɗaure murfi, ya tayar, ya hau, ya tura sanda. Ko taku biyun ɗazu ba a samu ba. Wani kuka kawai akwatin yake yi, siriri, mai shiga haƙori. Ya ja baya, kuka. Ya ƙara wuta, kukan ya ƙaru. Ya sauko ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan, ya matsa can, har aka kira magariba a masallacin ƙetaren rafi. Ya ce mai ne bai zauna ba, zuwa gobe zai zauna. Bai dube ta ba da yake faɗa, haka Alhamis ta tafi.

Ran Juma'a tun kafin ya iso tana cikin rumfa tana birkice kayan Gidiyon. Ta ɗaga buhunan iri da ɓera ya cinye, ta ture tsofaffin tiyo, ta zubar da gwangwanin ƙusoshi. A bayan duro ta samu galan-galan guda bakwai a jere, duk babu komai ciki, duk iri ɗaya. Da Waliu ya shigo ta jera masa su a gabansa.

"Nuna mini na giya a ciki."

Ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya ɗauki na biyu ya shinshina. Ya gwada tayar da taraktar, ko mai ya zauna cikin dare. Bai zauna ba. Ya sosa ƙeya.

"Wata ƙila irin ta Turawan nan ce mai famfo a ciki, mai ne ke tura ta, ba haƙoran giya ba. In haka ne, to, mai kauri ba zai bi ta ba."

"Jiya ka ce..."

"Na ce, Mama. Kawo daro."

Wanda bai taɓa jiran mai mai kauri ya fita ta ramin noti ba bai san jira ba. Zare guda yake saukowa, siriri, ya yi kamar zai yanke, ya ci gaba. Martina ta hau acaɓa ta koma wurin Obiageli ta sayo galan irin na Gidiyon, ta dawo ta tarar zaren yana nan. Ta share rumfa. Ta sake share ta. A ƙetaren rafi ta hango mutum biyu da manyan riguna suna nuna wurare da hannu, ta ɗauka masu igiyar awo ne, sai daga baya ta gane masu sayen kabeji ne. Rana ta kusa tsaka kafin ɗigon ƙarshe ya faɗi.

Sabon man ya shige shar, ba gardama. Waliu ya auna, ya cika daidai alama. Ya yi bismilla ya tayar. Martina ta haɗa hannuwanta a ƙirji.

Ya tura sanda. Taraktar ta yi karkarwa, ta yi gurnani kamar cikin mai yunwa, ba ta motsa ba. Ya ja baya, haka. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya kashe.

"Famfon ya mutu," in ji shi. "Ruwan nan ya cinye shi. Ba a Kano ba, ko Ikko ban ce za a samu irinsa ba." Ya tattara sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya. Da gani ka san abin ya yi masa ciwo, ya jira shekara goma sha tara ya taɓa abar nan, ga yadda suka ƙare. "Ki yi haƙuri, Mama. Lokacin masallaci ya yi."

Ta ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace. Ta tsaya a tsakiyar rumfa, ga galan bakwai, ga daro biyu na mai, ga ciyawa a waje iska na kaɗa ta. Haushi ya kama ta, ba na Waliu ba, na Gidiyon. Mutum ya yi shekaru yana rufe abu kamar asiri, sannan ya kwanta ya mutu bai gaya wa kowa ba. Ƙafafunta suka gaji, karo na farko tun Laraba ta nemi wurin zama. Bulon da Waliu yake ɗora kayan aiki a kai ta jawo ta zauna.

Bai yi daɗin zama ba. Akwai wani kwari a tsakiyarsa. Ta tashi ta duba: wani lotsawa ne mai faɗin hannu, ya yi sumul, ya yi baƙi da tsohon mai. Ta waiwaya, ga ɗan'uwansa a jikin bango, da kwari iri ɗaya.

Ta san bulon nan. Duk matan zumunta na cocinsu sun san bulon nan, don ita ta ba su labari.

Sau ɗaya a shekara, gab da damina, in Gidiyon ya gama juye mai, sai ya ɗaga bayan taraktar ya ɗora a kan bulo biyu, tayoyin baya suna reto a iska. Sai ya sayo rake sanda guda, ya hau kujera, ya tayar da inji. Ya tura sandar gaba, ya sha gaɓa ɗaya. Ya ja baya, ya sha gaɓa ɗaya. Babban mutum, malamin gona mai furfura, zaune a kan motar da ba ta taka ƙasa ba, yana tuƙi yana tofar da ɓawo. Ita kuwa tana bakin rafi tana wanke latas, sai ta ɗago ta ƙwala masa kira, "Direba, an isa Zariya kuwa?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan." Kullum amsar ke nan. Ta ba da labarin nan a biki, ta ba da shi a suna, tana kwaikwayon yadda yake riƙe sitiyari, mata suna faɗuwa don dariya. Har a zaman makokinsa wata ta tuno mata, aka yi dariya cikin hawaye, aka ce Allah ya ji ƙan Gidiyon, bai gama yarinta ba.

Ta daɗe tana duban kwarin nan. Mutumin da ba ya barin fetur ya ƙone a banza ko na minti ɗaya. Mutumin da yake kashe fitila in zai fita tsakar gida.

Ta fito da gudu-gudu, ko kwaɗon ba ta sa ba.

Ɗan acaɓa ya sauke ta nesa, don sahu ya rufe titi a Fagge, tabarmi har bakin kwata. Ta tsaya a inuwar wani shago tana sauya ƙafa. Huɗuba ba ta taɓa yi mata tsawo haka ba, ita da ba da ita ake ba. Wani mai baro yana jiran a idar, da ragowar rake na ƙarshen kaka, busasshe-busasshe. Ta zaɓi mai gaɓa bakwai. Da aka sallame ta kutsa cikin jama'a da sandar rake a hannu, ta tare Waliu yana naɗe dardumarsa a ƙofar gareji.

"Ɗauko jak ɗinka."

"Mama, na gaya miki..."

"Ka gaya mini jiya ma. Ɗauko."

A hanya ta yi masa bayani, yana tuƙi tana ihu a kunnensa. Da suka isa ya juyo ya dube ta.

"Wato in ɗora ta a kan bulo, in hau, in sha rake."

"Haka yake yi."

"Mama, Allah ya ji ƙan Baba, mutumin kirki ne, amma ke da kanki kika ce wasa yake. Famfon da ya mutu rake ba ya tashe shi. Kuma ni da girmana, masu lambu suna kallo?"

"To ɗora ta. Ni zan hau."

Ya sa jak, ya ɗaga. Ya tura bulon farko, ƙarfen tayar ya sauka cikin kwarin ya zauna daram, kamar don shi aka yi. Waliu ya ɗan tsaya yana duban wurin kafin ya kawo na biyu. Martina ta tattare zaninta ta hau. Ba ta taɓa zama a kujerar nan ba. Ta lotsa daidai jikin wani, ba nata ba. Waliu ya tayar mata. Ta tura sanda gaba, ta sa haƙori a rake.

Gaɓar farko ba abin da ya faru sai gurnani. Raken ya bushe, haƙoranta ba na da ba ne, sai da ta yi da gaske. Ta ja baya. Gaɓa ta biyu ma haka. Tsohon nan mai wanke karas ya taso ya tsaya a bakin rumfa, wasu biyu suka biyo shi. Ta ji ɗaya yana tambaya ko lafiya, Waliu ya juya musu baya yana goge sifanar da ba ta da datti. Kunya ta rufe ta. Ashe haka ake ji a saman nan in ana kallonka.

Tana tsakiyar gaɓa ta uku tayar dama ta yi firgigit, ta juya rabi, ta tsaya.

"Waliu!"

"Na gani. Kada ki saki."

A ta huɗu tayoyin biyu suka fara juyawa baya, suna yi suna tsayawa. Waliu ya yar da tsumma, ya durƙusa, ya buɗe murfin akwatin ya leƙa. Man da ya cika daidai alama ɗazu ya yi ƙasa, kumfa na tasowa a samansa tana fashewa.

"Iska ce!" Ya buga cinyarsa. "Wallahi iska ce, Mama! In aka juye mai, iska ke shiga famfon ta tsaya. In taya tana ƙasa da nauyi ba zai iya tura ta waje ba, sai an ɗaga ta tana juyawa a sake, gaba da baya. Famfon lafiyarsa ƙalau!" Ya fizgo galan yana ƙara mai. "Raken nan agogo ne. Kai, Baba! Ashe aiki yake."

Martina ta gyara zama. Ta tura sanda gaba, gurnanin ya lafa, wani sauti mai laushi ya maye gurbinsa, sautin da ta sani tun Keziah tana rarrafe. Tayoyi suka ɗauki juyi sumul. Ɓawon rake yana bakinta ta kasa tofarwa. Shekara goma sha tara tana yi masa dariya a gaban mutane, shi kuwa ya san abin da yake yi, bai taɓa cewa ke ba ki gane ba. Da ya yi bayani sau ɗaya, da ta daina. Sai yanzu ta ga ashe bai so ta daina ba. Yana son ta ɗago daga wankin latas ta kira shi. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, wadda ta kulle tare da rumfar nan, ta yi kuka sosai, hannunta ɗaya a kan sanda, masu lambu suka sunkuyar da kai suka koma bakin aikinsu.

Waliu ya bari ta ɗan lafa. Ya dubi rana, ta karkata.

"Ta yi, Mama. Kumfar ta ƙare. A sauke ta mu fara, lokaci na tafiya."

Ta dubi raken. Gaɓa biyu ta rage. Kwana uku tana tsere da lokaci, amma yanzu ba ta ji gaggawar komai ba.

"Saura kaɗan," in ji ta.

Bai yi musu ba. Ya zauna a ƙasa ya jira ta shanye.

Da aka sauke ta, Waliu ya ja layin farko, ya karkace kamar tafiyar maciji, don tuƙin titi daban, na gona daban. Martina ta ce ya sauko. Nata ma bai miƙe ba, amma ta san inda ƙasar take da laushi da inda tushen tsohuwar gwaiba yake. Garma ta shiga, ƙasar da ruwan Litinin ya jiƙa ta juyo baƙa, ciyawa ta kife. Suka yi ta karɓa-karɓa har magariba, suka dawo da sassafe.

Ranar Asabar da hantsi, rediyon masu lambu yana ta kawo hayaniyar filin rantsuwa, ana buga badujala. Azahar ba ta yi ba sai ga su, mutum huɗu a bayan a-kori-kura, da igiyar awo da damin turaku. Mai unguwa ya riga su zuwa, yana tsaye a bakin lambun da sandarsa. Martina tana can ƙarshen fili a kan tarakta, ɗankwalinta ya zame, ƙasa har gira. Ba ta ji abin da aka ce ba saboda ƙarar inji. Ta dai ga mai unguwa ya nuna ƙasar, ya nuna ta. Mutanen suka dubi layukan nan karkatattu, ɗaya ya taka ƙasar da takalminsa ya ga ta nutse, suka koma mota.

Ba ta tsaya ba sai da ta gama layin da take kai. Ta mayar da taraktar rumfa, ta tura ta gefen da kwano bai huje ba. Waliu ya sunkuya zai ɗauke bulon daga hanya.

"Bar su, ni zan ɗauka."

Ɗaya bayan ɗaya ta kai su jikin bango, ta jera, kwarin yana sama, ta rufe su da buhu.

"Gobe sai hutu ke nan, Mama," in ji Waliu.

"Gobe Lahadi, akwai taron zumunta a coci bayan sujada." Ta karkaɗe hannuwanta. "Akwai labarin da na daɗe ina ba su ba daidai ba. Zan je in gyara."